Idan iska kyauta ce, me ya sa wutarta take neman jari mai nauyi haka?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da wutar lantarkin da ake samarwa daga iska, kuma ina roƙon masu ilimi a cikinmu su warware mini shi. Hukumar IRENA, wadda ke bin diddigin makamashin da ba ya ƙarewa, ta nuna cewa a shekarar 2023 matsakaicin kuɗin samar da kilowat ɗaya na awa guda daga sababbin injinan iska na kan tudu ya sauko zuwa kimanin santi 3.3 na dalar Amurka, alhali a 2010 ya kai kusan santi 11. Amma kuma a wannan shekarar ta 2023 ce kamfanin Vattenfall ya dakatar da aikin Norfolk Boreas a tekun Birtaniya, kamfanin Ørsted kuma ya soke ayyukansa biyu a gaɓar jihar New Jersey ta Amurka. To, idan har wutar iska ta yi araha haka, kuma ita kanta iskar ba saya ake yi ba, me ya sa manyan kamfanoni ke janye jiki daga ayyukan da suka riga suka zuba wa dukiya?

Tsohon_Akawu:
Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tambayarka tana cikin lokacin da ake biyan kuɗin. Mai tashar gas yana gina tasharsa da kuɗi kaɗan idan aka kwatanta, sannan ya ci gaba da sayen gas kullum har ƙarshen rayuwar tashar. Mai gonar iska kuwa, wato filin da aka jera injinan iska da yawa, kusan duk abin da zai kashe yana kashe shi ne tun kafin farfela ta yi juyin farko: hasumiya, da fukafukai, da janareta, da harsashin kankare, da hanya, da wayoyi. Wannan kuɗin galibi bashi ne, kuma bashi yana tafe da kuɗin ruwa.

Bari in ba da misali da lissafi na ƙaddarawa kawai. A ce mutum biyu sun ranci dala miliyan 100 kowannensu, za su biya cikin shekara 20. Na farko an yanka masa ruwa kashi 4 cikin ɗari, don haka zai riƙa biyan kimanin miliyan 7.4 a shekara. Na biyu an yanka masa kashi 12, shi kuma zai riƙa biyan kimanin miliyan 13.4. Injinansu iri ɗaya ne, iskar da ke kaɗa su ɗaya ce, amma dole na biyun ya sayar da wutarsa kusan ninki biyu kafin ya fita daga bashi. Na yi shekaru ina duba takardun masu neman rance, kuma sau da yawa na ga aikin da injiniyoyi suka yaba ya mutu a kan teburinmu saboda an ƙara kashi biyu kacal a kan ruwa. Abin da ya faru a 2022 da 2023 ke nan: manyan bankunan ƙasashe sun ɗaga kuɗin ruwa don yaƙi da hauhawar farashi, ƙarfe da jigila sun yi tsada, alhali kamfanonin sun riga sun sa hannu a kan farashin da za su sayar da wuta tun lokacin da bashi yake da sauƙi.

Injiniya_Farfela:
Na yarda da bayanin Tsohon_Akawu, sai dai ina so in gyara wurin da ya ce iskar da ke kaɗa su ɗaya ce. A zahiri da wuya a sami wurare biyu masu iska ɗaya, kuma bambanci kaɗan yana juya lissafin gaba ɗaya. Ƙarfin da ke cikin iska yana tafiya ne da gudunta idan aka ninka shi a kansa sau uku. Iska mai gudun mita 6 a daƙiƙa tana ba da 216 a wannan ma'auni, mai mita 7 tana ba da 343, mai mita 8 kuma 512. Wato ƙarin mita ɗaya tak, daga 6 zuwa 7, ya kusa ƙara kashi 60 cikin ɗari. Shi ya sa ake ta ƙara wa hasumiya tsawo, domin iskar sama ta fi ƙarfi kuma ta fi tsayawa a kan hanya ɗaya, kuma shi ya sa ake ƙara wa fukafukai tsayi, tunda ninka tsayinsu sau biyu yana ninka faɗin da suke sharewa sau huɗu. Duk da haka akwai iyaka: masanin Jamus Albert Betz ya tabbatar, fiye da shekara ɗari da suka wuce, cewa babu injin da zai iya kwasar fiye da kashi 59.3 na ƙarfin iskar da ta ratsa shi.

Na taɓa aiki a tawagar da ta kafa turken awo a kan wani tudu. Duk wanda ya tsaya a wurin sai ya riƙe hularsa, kuma masu kuɗin aikin har sun fara maganar yawan injinan da za a sayo. Muka ɗaura ƙananan kofunan awon nan masu juyawa a matakai uku na turken, muka bar su shekara guda cur. Da muka sauke bayanan, sai muka ga iskar tana da ƙarfi na wata huɗu ne kawai, sauran watannin kuma tana kwanciya tun hantsi. Aka naɗe aikin. Kuɗin awon ya tafi, amma ya ceci mutanen daga asarar da ta fi shi sau ɗari, kuma har yau ina ganin wannan shekara ta jira a matsayin kuɗi mafi amfani da aka kashe a aikin.

Mai_Neman_Sani:
Na gode, Injiniya. Wannan ya tuna mini wata tambayar. Idan aka ce gonar iska tana da megawat 100, shin hakan yana nufin daidai take da tashar gas mai megawat 100, ko akwai abin da ba a faɗa mana?

Injiniya_Farfela:
Ba daidai suke ba, Malam. Megawat 100 ɗin shi ne ƙololuwar abin da za ta iya bayarwa idan iska ta cika. Injin yakan fara juyi ne idan iska ta kai kimanin mita 3 a daƙiƙa, kuma yakan tsayar da kansa idan ta kai wajen mita 25 don kada ya lalace. A shekara akwai awa 8,760. Da a ce gonar za ta yi aiki a ƙololuwa ba tsayawa, da ta ba da megawat-awa 876,000. Idan abin da ta samu kashi 35 ne na wannan, to 306,600 ke nan. Idan kuma kashi 25 ne, ya koma 219,000. Bashin da ke kan gonakin biyu ɗaya ne, don haka wannan kason shi ne abu na farko da mai ba da rance yake tambaya. Abin da ke jan mutane zuwa teku, duk da tsadar gini a cikin ruwa, shi ne iskar can ta fi dawwama.

Gimbiyar_Lissafi:
Ina so in dawo da mu kan Birtaniya, domin labarinta ya nuna abin da Tsohon_Akawu ya faɗa ƙarara. Tsarinsu shi ne gwamnati ta kira gwanjo, kamfanoni su yi takara a kan wanda zai karɓi farashi mafi ƙanƙanta, wanda ya ci kuma a ba shi tabbacin wannan farashi na tsawon shekaru (shekara 15 ne a zagayen da zan ambata). Idan farashin kasuwa ya faɗi ƙasa da shi, a cika masa. Idan ya haura, ya mayar da rarar. A zagayen farko na 2015, ayyukan teku sun ci gwanjo a kan sama da fam 110 ga kowane megawat-awa. A zagaye na huɗu, a 2022, farashin ya sauko zuwa fam 37.35, duk bisa darajar kuɗin 2012. Sai gwamnati ta ɗauka cewa saukar za ta ci gaba, ta sa iyakar fam 44 a zagaye na biyar. Da aka bayyana sakamako a watan Satumba na 2023, babu kamfani ko ɗaya da ya nemi aikin teku. Vattenfall ya riga ya ce kuɗin gininsa ya ƙaru da kusan kashi 40. Dole gwamnati ta ɗaga iyakar zuwa fam 73 a zagaye na gaba, sannan masu jari suka dawo.

Saboda haka, Mai_Neman_Sani, alƙalumman biyu da ka kawo ba su yi karo da juna ba. Na IRENA na injinan kan tudu ne da aka kammala, kuma kaso mai yawa daga cikinsu a ƙasar Sin aka gina su, inda kayan aiki da bashi suke da sauƙi. Ayyukan da aka soke kuwa na teku ne, waɗanda aka ƙulla farashinsu shekaru kafin a fara zuba kankare.

Mai_Shakka:
Ku yi mini afuwa, amma ni har yanzu ban gamsu da kalmar araha ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Lissafin da ake yi na kuɗin kowane kilowat yana tsayawa ne a ƙofar gonar, bai haɗa da abin da ƙasa za ta kashe don wuta ta ci gaba da zuwa a daren da iska ta kwanta ba. Asibiti da masana'anta ba za su jira iska ba. Dole a ajiye tashar gas ko ta ruwa a gefe, a riƙa biyan ma'aikatanta da gyaranta ko da rabin lokaci take aiki, kuma mai sayen wuta ne yake ɗaukar wannan nauyin. Sannan ina so a faɗa mana gaskiya game da tallafi. Wace ƙasa ce ta gina wannan sana'a ba tare da kuɗin gwamnati ko ƙarin da aka ɗora wa masu biyan kuɗin wuta ba? Idan sana'a ba ta tsayawa da ƙafarta sai an tallafe ta, bai kamata a kira ta mai araha ba.

Malama_Tarihi:
Malam Mai_Shakka, a kan tallafi gaskiyarka ce, kuma ban ga dalilin ɓoye ta ba. Denmak ta juya ga iska ne bayan girgizar farashin man fetur ta 1973, ta kuma tallafa wa masu kafa injina shekaru da dama. Jamus ta fara dokar tilasta wa kamfanonin wuta sayen lantarkin iska a 1991, sannan dokar shekarar 2000 ta ba da tabbacin farashi na shekara 20, aka ɗora kuɗin a kan takardar wutar kowane gida. Amurka ta kawo rangwamen haraji a kan kowane kilowat a 1992, kuma duk lokacin da majalisa ta bar rangwamen ya ƙare, sai gine-gine su faɗi warwas a shekarar da ta biyo baya.

Inda na rabu da kai shi ne hukuncin da ka yanke daga wannan. Tallafin ne ya sayi ƙwarewar da ta sauke farashin. Gonar iska ta farko a cikin teku, Vindeby ta Denmak a 1991, injina 11 gare ta, kowanne kilowat 450, wato duka ba su kai megawat 5 ba. Yau inji ɗaya na teku ya ninka wannan gonar gaba ɗayanta. Hornsea 2 ta Birtaniya, wadda ta fara aiki sosai a 2022, tana da injina 165 da ƙarfin da ya haura megawat 1,300. A 2017 wasu kamfanoni suka nemi ayyukan teku a Jamus ba tare da tallafi ko kaɗan ba, a 2023 kuma kamfanonin mai na BP da TotalEnergies suka amince su biya gwamnatin Jamus Yuro biliyan 12.6 don a ba su wurare a teku. Kuɗin da ke fita daga aljihun gwamnati a da, ga shi ya fara shiga.

Mai_Shakka:
Na karɓi tarihin, Malama, kuma na ƙaru da shi. Amma ki lura cewa maganata ta farko tana nan ba a taɓa ta ba, wato wa ke biyan kuɗin tashar da ke jiran ranar da iska za ta kwanta. Sannan abin da Gimbiyar_Lissafi ta kawo na 2023 ya nuna cewa da zarar bashi ya yi tsada, sai a koma ga gwamnati a nemi ƙari.

Mai_Turaku:
Kowa yana maganar inji da bashi, amma ni da na yi rayuwata a aikin manyan wayoyin dakon wuta, ina ganin a nan ne ayyuka da yawa suke karyewa. Iska mai kyau takan kasance nesa da inda mutane suke, kuma gina layin da zai kai wutar yakan ɗauki lokaci fiye da kafa injinan.

Babban misali shi ne gonar Tafkin Turkana a arewacin Kenya: injina 365 na kamfanin Vestas, ƙarfinsu megawat 310, a wurin da ke cikin mafi kyawun iska a duniya. An gama kafa injinan a 2017, amma layin da ya haura kilomita 400 wanda zai kai wutar zuwa Suswa a kudancin ƙasar bai kammala ba, saboda ɗan kwangilar ya durƙushe, ga kuma rikicin diyyar filaye. Sai a watan Satumba na 2018 aka haɗa. Fiye da shekara guda injinan suna tsaye, kuma tunda yarjejeniya ta ɗora laifin jinkirin a kan ɓangaren gwamnati, 'yan ƙasar ne suka biya kuɗin wutar da ba su sha ba. Haka ma ƙasar Sin ta yi fama da wannan: a 2016 kimanin kashi 17 na wutar da injinan iskarta za su iya bayarwa an yi asararsa saboda babu hanyar kwashe shi, a lardin Gansu kuwa asarar ta haura kashi 40. Jihar Teksas ta bi wata hanyar, ta fara ayyana yankunan da iska take, ta gina layuka na kusan dala biliyan 7 waɗanda aka kammala a wajen 2013, sannan masu jari suka biyo layin. Ni a wurina, duk wanda ya kawo mini farashin wutar iska ba tare da kuɗin waya da tiransifoma ba, rabin lissafi ya kawo.

Gimbiyar_Lissafi:
Ƙarin bayani kaɗan a kan Turkana, don kada mai karatu ya ɗauka aikin ya lalace: tun da aka haɗa layin, gonar tana cikin masu ba da kaso mafi girma a duniya bisa ma'aunin da Injiniya ya bayyana, kuma tana ɗauke da wani yanki mai kauri na wutar Kenya. Jinkirin ya ci kuɗi, amma iskar ba ta ba su kunya ba.

Lauya_Mai_Bin_Kadi:
Tunda an ambaci diyyar filaye, bari in tsaya a kanta, domin masu lissafi sukan ɗauke ta ƙaramin layi ne a takarda, alhali tana iya rusa aikin da aka riga aka gama. A watan Oktoba na 2021 Kotun Ƙolin Norwe ta yanke hukunci cewa gonakin iska na yankin Fosen sun tauye haƙƙin makiyayan Sami, waɗanda ke kiwon barewar ƙanƙara a wurin tun kaka da kakanni, kuma a lokacin injinan sun riga sun fara aiki. An shafe shekaru ana zanga-zanga da sulhu kafin a daidaita. A 2021 ɗin ce kuma wata kotu a Kenya ta ce ba a bi ƙa'ida ba wajen ba da takardun mallakar filin Turkana. Ƙasar da mai zuwa daga nesa yake gani fili ce fetal, ga makiyayi hanya ce da mashaya da wurin kiwon rani.

Denmak ta gane wannan da wuri. Gonar Middelgrunden da ke bakin Kopenhagen, mai injina 20, an gina ta a 2000, kuma rabinta mallakar ƙungiyar gama kai ce ta dubban mazauna birnin. Daga baya dokar 2008 ta wajabta wa mai gina sabuwar gona ya yi wa maƙwabta tayin aƙalla kashi 20 na hannun jari. Mutumin da yake da rabo a inji ba ya jin ƙararsa kamar yadda wanda aka ɗora wa shi yake ji. Na san wasu masu jari suna ganin wannan rage riba ne, amma shekara biyu a kotu, bashi yana ta hauhawa, ta fi shi cin riba nesa ba kusa ba.

Manomin_Tudu:
Ni ba masani ba ne, amma akwai injina biyu a gonar da muka gada, don haka zan faɗi abin da idona ya gani. Wurin da kowane inji ya cinye bai da yawa: harsashinsa, da ɗan fili na ajiye motar ɗaga kaya, da hanyar tsakuwa. Sauran muna nomawa har gindin hasumiyar, dabbobi kuma sukan kwanta a inuwarta da rana, suna bin ta yadda take juyawa. Kuɗin hayar yana zuwa ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuma ya riƙe mu a shekarar da amfani ya lalace. Kuskuren da muka yi shi ne mun sa hannu a kan adadi tsayayye na shekara ashirin ba tare da sharaɗin ƙari ba, yanzu kuwa darajarsa ta ragu sosai. Maƙwabcinmu, wanda inuwar fukafukan ke gilmawa ta tagarsa da yamma, ko kwabo ba ya samu saboda babu inji a filinsa, kuma wannan ya sanya sanyi a tsakaninmu. Ina ganin gaskiyar Lauya a nan.

Tsohon_Akawu:
Allah ya ƙara albarka, Manomin_Tudu. Abin da ya same ku da adadi tsayayye shi ne dai ya sami manyan kamfanonin da aka fara tambaya a kansu, bambancin girma ne kawai.

Ina so in ƙara wani abu a kan maganata ta farko, wato me ke sa a yanka wa wani kashi 4, wani kuma kashi 12. Mai ba da rance yana duba wanda zai sayi wutar, shin zai biya a kan lokaci har shekara 20, kuma shin gwamnati za ta riƙe alkawarinta. Sifaniya ta rage tallafin da ta riga ta yi alkawari tsakanin 2010 da 2014, har ga tashoshin da aka riga aka gina, masu jari suka kai ta kotunan sulhu na duniya a ƙararraki da dama, gine-gine kuma suka tsaya cik na wasu shekaru. Afirka ta Kudu ta fara gwanjonta a 2011, farashi ya yi ta sauka zagaye bayan zagaye, sai kamfanin wutar ƙasar, Eskom, ya ƙi sa hannu a kan yarjejeniyoyin da aka riga aka ci, abin bai warware ba sai a 2018. Wasu masana'antun da aka kafa don ƙera sassan injina sun rufe a wannan tsakanin. Ga kuma matsalar canji: idan bashin da dala aka ci, wutar kuma da kuɗin gida ake sayar da ita, faɗuwar darajar kuɗin ƙasa kaɗai ta isa ta cinye ribar. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙasashen da suka fi bukatar wuta mai sauƙi su ne suke biyan ruwa mafi tsada a kan inji iri ɗaya.

Gimbiyar_Lissafi:
Tambayar Mai_Shakka ta cancanci amsa, kuma zan fara da ƙara mata nauyi. A kasuwannin da farashin wuta ke canzawa awa bayan awa, ana fara ɗaukar tashar da ta fi sauƙin kunnawa, kuma tunda injin iska ba ya sayen mai, shi ake fara ɗauka. Wannan yana sauke farashi ga kowa a lokacin da iska take kaɗawa. Amma duk injinan yanki ɗaya tare suke juyi, don haka suna sayar da wutarsu ne daidai lokacin da ta fi faɗuwa. A Jamus akan sami awanni da farashin ke sauka ƙasa da sifili, wato mai wuta ne zai biya a karɓa. Ma'ana, yawan injinan da aka ƙara yana rage darajar abin da kowannensu ke samarwa. Saboda haka kuɗin samarwa da darajar abin da aka samar abubuwa biyu ne, kuma gibin da ke tsakaninsu yana faɗaɗa yayin da kason iska ke ƙaruwa. A ƙasar da kason bai kai kashi goma ba, nauyin da Mai_Shakka ke magana a kai ƙarami ne, tunda tashoshin da ke akwai suna rage wuta ne kawai su adana mai. Idan ya doshi rabi, lissafin ya zama wani daban.

Injiniya_Farfela:
Kuma akwai ƙasar da ta haura rabin. Denmak tana samun fiye da rabin lantarkin da take samarwa daga iska, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: tana da manyan wayoyi zuwa Norwe da Suwidin da Jamus. Idan iska ta yi yawa, Norwe takan rage sakin ruwan madatsunta ta sayi wutar Denmak da sauƙi. Idan ta kwanta, sai a saki ruwan wutar ta dawo. Batir ma yana taimakawa, kamar wanda Tesla ta kafa kusa da gonar Hornsdale a Kudancin Ostireliya a 2017 mai ƙarfin megawat 100, sai dai aikinsa na awanni ne, ba ya ɗaukar mako guda na kwanciyar iska.

Akwai kuma kuɗin ƙarshe da ba mu taɓo ba. Ana tsara injin ne ya yi shekara 20 zuwa 25. Ƙarfen hasumiya da jan ƙarfen janareta suna da kasuwa idan aka kwance, amma fukafukan, waɗanda aka yi da zaren gilashi da danƙo, suna da wuyar sarrafawa. Vindeby da Malama ta ambata an kwance ta a 2017. Sau da yawa abin da ya fi riba shi ne a cire tsofaffin injina a kafa manya kaɗan a wurin, tunda hanya da waya da bayanan iska na shekaru duk suna nan.

Mai_Shakka:
Yanzu an zo inda nake so. Idan har amsar ita ce wayoyi zuwa maƙwabta masu madatsun ruwa, to sai mu yarda cewa arahar Denmak ta jingina ne da duwatsun Norwe, kuma ba kowace ƙasa ce take da irin wannan maƙwabci ba. Ban ce kada a gina ba. Na yarda cewa a wurin da iska ke da ƙarfi kuma kasonta ƙarami ne, tana rage kuɗin mai sosai, kuma farashinta ba ya tashi don an yi yaƙi a wani wuri. Abin da nake nema shi ne a riƙa kawo lissafin gaba ɗayansa a takarda ɗaya.

Mai_Neman_Sani:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Sai dai wani abu ya rage mini daga bayanin Tsohon_Akawu da na Mai_Turaku. Idan gwamnati tana da kuɗi kaɗan, kuma dole ta zaɓi ɗaya, wanne ya fi: ta gina layin dakon wuta zuwa inda iska take ta jira masu jari, ko ta tsaya wa mai sayen wutar don kuɗin ruwa ya sauka?

Mai_Turaku:
Ni layin zan fara ginawa, Malam, domin yana amfanar kowace irin tasha da za ta zo daga baya, ta iska ce ko ta hasken rana, kuma yakan fi injinan daɗewa da shekaru masu yawa.

Tsohon_Akawu:
Ni kuma ina jin tsoron layin da za a gina da bashi ya tsaya babu wuta a cikinsa. Teksas ta yi nasara ne saboda masu jari sun riga sun amince za a biya su idan sun zo. A inda kamfanin da ke sayen wuta yake fama da bashin da bai biya ba, ko an kai waya har gindin tudu, mai ba da rance zai fara neman takardun kuɗin wannan kamfani na shekaru biyar da suka wuce kafin ya dubi taswirar layin. Injiniya, a aikin nan naku da aka naɗe, shin an riga an sami mai sayen wutar kafin ku kafa turken awon, ko sai bayan sakamako za a nema?